Hasken Nesa, Haɗarin Kusa: Wace Tocila ce ta Dace da Rumbu da Ƙarƙashin Gado?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin mai sayar da tocila a Gashuwa ko Nguru bayan magariba ya san yadda cinikin yake tafiya. Mai saye zai ɗauka, ya jinjina nauyinta, ya latsa makunni, sannan ya ɗaga hannu ya haska ƙarshen layi, ko kan wata darbejiya, ko bangon da ke can tsallaken titi. In hasken ya tafi a miƙe ya sauka inda aka nufa, sai a gyaɗa kai a ce wannan tana cilla wuta, a shiga maganar kuɗi. Da wuya ka ga wanda ya sunkuyar da ita ya haska ƙarƙashin teburin da yake tsaye a gabansa. Amma in aka bi tocilar nan zuwa gida, a Dagona ko wani ƙauye na bakin fadama, za a tarar kusan duk aikinta na kusa ne: leƙa cikin rumbu, duba bayan randa, neman takalmin yaro a ƙarƙashin gado, lalubo noti da ya faɗa gindin injin ban ruwa, haska masai kafin a tsuguna.

Ana sayen tocila ne da ma'aunin mita ɗari biyu, ana kuma aiki da ita a mita ɗaya. Wannan saɓani ba ƙaramin abu ba ne, domin siffar da ke sa haske ya kai nesa ita ce dai take sa ya zama mara amfani, har ma mai cutarwa, a wuri matsattse. Abin da ya dace da aljihun mutumin fadama shi ne tocila mai shimfiɗa haske, mai matsakaicin ƙarfi, wadda ake iya rage mata wuta. Akwai masu ja da wannan magana, kuma wasu daga cikin hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Yadda aka gaji son nisa

Dagona tana cikin Ƙaramar Hukumar Bade, a dausayin da ruwan Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa a cikinsa kafin ya tattaru ya zama Komadugu Yobe. Duniya ta san ta da tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai lokacin hunturu. Wurin kare su yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, Yarima Philip mijin marigayiya Sarauniyar Ingila ya ziyarce shi a 1989, a 2008 kuma aka sa tafkin Dagona cikin jerin muhimman dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Mazauna wurin suna ganin ɗaya fuskar. Ruwan da ke kawo agwagwa shi ke kawo kwaɗi, shinkafa da gero su jawo ɓera, maciji kuma ya biyo abincinsa. Gida a nan cike yake da loko: buhuna jingine da bango, damman kaba, tarin kara da itace, kwalayen kifin banda, koma a naɗe a kusurwa. In ambaliya ta zo kamar ta 2022, duk abin da ke rarrafe sai ya nemi tudu, tudun kuwa shi ne inda mutane suke kwana.

Wuta kuma ba abin dogaro ba ce. Jihar Yobe tana ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Yola, ƙauyuka da yawa ma ba su sa rai da ita, kuma ko manyan birane sun ɗanɗana a watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu. Kananzir ya haura naira dubu a lita, ya fita daga hannun talaka. Acibalbal da fitilar ƙwai, duk da hayaƙinsu da raunin haskensu, suna da wata fa'ida da ba a lura da ita ba sai da suka tafi: suna haska ɗaki ta kowace fuska. Tsohuwar tocila mai manyan batura biyu ko uku kuwa ƙwanta ɗan mitsitsi ne, haskensa kaɗan ne, don haka dole masu ƙera ta suka sa masa kwano mai sheƙi a baya ya tattara ɗan abin da ke akwai ya tura gaba. A wancan zamani, wanda ya gwada tocila da nisa yana da gaskiya, domin nisan ne ke nuna ƙwan lafiyayye ne, batir kuma da sauransa.

Zamanin ya wuce. Tun da masanan Japan uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka gano yadda ake yin shuɗin ƙwan LED a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, haske ya yi arha. Tocilar da ba ta fi yatsa ba tana iya fin tsohuwar mai batura uku wuta. Ƙarancin haske ya daina zama matsala, saura inda ake zuba shi. Al'adar gwaji ce kawai ta tsaya inda take.

Lissafin da kwali ba ya faɗa

Ma'auni biyu ne ake rikita su. Lumen shi ne jimillar hasken da tocila ke fitarwa, kandela kuma ƙarfinsa a tsakiyar inda aka auna. Wanda ya saba da injin ban ruwa zai gane nan take: ruwan da ke fitowa daga tiyo ɗaya ne, in ka matse bakin sai ya yi tsiri ya faɗa nesa, in ka sake shi sai ya jiƙa wuri mai faɗi a gabanka. Tociloli biyu na iya zama da lumen iri ɗaya, ɗaya ta kai ƙarshen gona, ɗaya ta cika ɗaki.

Tocilar da haskenta ya buɗe digiri 10 kacal, in aka haska bango daga nisan mita ɗaya, da'irar da za ta yi ba ta wuce santimita 17 zuwa 18 ba, wato ko taƙi guda ba ta cika ba. Wadda ta buɗe digiri 90 za ta rufe mita biyu, fiye da gaba guda. In aka auna faɗin filin da kowacce ta haska, ta biyun ta ninka ta farkon fiye da sau ɗari. Mai riƙe da ta farkon sai ya riƙa yawo da hannu, yana ganin rumbunsa gutsure-gutsure yana haɗawa a ka, kuma duk abin da ya motsa a wajen da'irar ya wuce shi.

Sai batun ƙarfi. Ma'aunin FL1, wanda masu ƙera tocila a Amurka suka amince da shi a 2009, yana ƙirga nisan tocila ne zuwa inda haskenta ya ragu ya koma kwatankwacin na farin wata, wato rubu'in lux ɗaya (lux shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu). Tun da haske yana raguwa ne da ninkin nisa a kan kansa, tocilar da da gaske take kai mita 200 tana sauke wajen lux dubu 10 a kan abin da ke nisan mita ɗaya. Ɗakin karatu lux 300 zuwa 500 yake buƙata. To wannan wuta ta faɗa kan farin buhu, ko kwanon sha, ko langalanga, ta dawo cikin idon da ya saba da duhu. Ƙwayar ido ta tsuke, tsakiyar ta yi fari fat har ba a rarrabe komai, gefen kuma ya fi dā duhu. Yawancin irin waɗannan tociloli suna da ɗan haske na gefe, amma idon da aka kashe ba ya cin moriyarsa. In an kashe tocilar ma ba a huta ba, domin ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya koma ganin duhu sosai.

Abin da ke kwance a gefen haske

Da takalmi kaɗai ake nema, da sai a ce gardamar masu son kayan wuta ce. Amma a ƙasar savana ba a nan gizo ke saƙar ba. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa, ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a Arewacin Najeriya. Tsawonta bai cika wuce rabin mita ba, launinta na ƙasa ne da busasshen ganye, tana fita da almuru, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Kasa tana kwanciya ba ta motsi har a taka ta. Kumurci shi kuwa har ɗaki yake shiga neman ɓera da ƙwai, kuma yana feshin dafi a ido daga nisan mita biyu ko fiye. Binciken da likita David Warrell da abokan aikinsa suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya nuna da yawa daga cikin waɗanda kumurci ya sara, a cikin gida abin ya same su, da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta mayar da saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2017, tana ƙiyasta cewa yana kashe mutum tsakanin dubu 80 zuwa kusan dubu 140 a shekara. Asibitin da ya shahara da wannan magani a Arewa maso Gabas yana Kaltungo ta Jihar Gombe, ɗaruruwan kilomita daga Gashuwa.

Likitoci sun daɗe suna cewa a riƙe fitila da dare, a sa takalmi, kada a cusa hannu inda ido bai gani ba. Abin da ba a cika ƙarawa ba shi ne irin fitilar. Maciji ba ya kwanciya a inda mutum ya auna tocila, domin mutum yana auna abin da yake nema ne, mudu ko igiya ko bakin buhu. Haɗarin yana taƙi biyu daga nan, kusa da gwiwar hannu ko yatsun ƙafa. Haske mai faɗi yana bai wa mutum damar tsayawa daga bakin ƙofa ya ƙare wa wurin kallo gaba ɗaya kafin ya sa ƙafa. Mai tsiri kuwa yakan sa a matsa, a duƙa, a kai fuska kusa, wanda shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a yi a inda kumurci zai iya kasancewa. Haka kunama, da ke maƙale a bango ko cikin takalmi, da shanshani a ƙarƙashin tabarma.

Launin hasken ma yana da tasiri. Tociloli masu arha sukan ba da fari mai ratsin shuɗi, wanda a ido yake kamar ya fi ƙarfi, amma yana dusashe ja da ruwan ƙasa, ya mai da su abu guda. A ɗakin da bango ƙasa ne, daɓe ƙasa ne, abin tsoron ma launin ƙasa ne, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Fari mai ɗan ɗumi ya fi fito da bambanci, ƙwari ba su cika rububinsa kamar mai shuɗi ba, wanda duk mai aiki a bakin ruwa zai yaba. Mai duba amfanin gona shi ma ya fi samun biyan buƙata da shi. In aka kwantar da tocila mai faɗi a ƙasa, haskenta na shafar gindin buhuna daga gefe, ɗan garin da ƙwaro ya zubar daga wake, da kashin ɓera, da siririyar hanyar gara da ta hau bango, duk sai su yi inuwa su fito fili.

Masu cewa nisa ya fi

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta tsaro da ta ruwa. Ɗan sintiri yana so ya ga wanda ke tahowa tun yana nesa. Makiyayin da saniyarsa ta ɓalle da dare, da masuncin da ke neman mashiga a cikin kacallar da ta toshe hanyoyin ruwa, da ma'aikacin gandun daji, duk nisa suke buƙata, kuma tocila mai faɗi ba za ta yi musu ba. Wannan gaskiya ce, babu ja. Sai dai waɗannan sana'o'i ne, kayan aikinsu kuma manya ne, ba na aljihu ba. Masuncin ma in ya gama da mashiga, sauran darensa a cikin kwalekwale yake yin sa, yana warware koma, yana cire ƙugiya, yana tsame kifi mai ƙaya, aikin da fitilar goshi mai faɗi ta fi dacewa da shi tun da hannu biyu ake so. Tafiya a ƙasa kuwa, wadda mutane ke ɗauka aikin tocilar nesa ce, a gaskiya taku uku zuwa huɗu na gaba da gefen hanya ne ke da muhimmanci. Gidan da ba shi da halin sayen biyu, gara ya nemi mai tsaka-tsaki, wadda tsakiyarta ba ta da zafi kuma gefenta a cike yake, da ya sayi wadda za ta yi masa aiki sau ɗaya a wata ta ba shi wahala kullum.

Wasu za su ce ai an warware wannan da tocila mai zuƙowa, wadda ake jan kanta ta tsuke ko ta buɗe. A buɗe, haskenta yakan kwanta sumul, kuma ba laifi. Amma a tsuke tana zubar da kaso mai yawa na haskenta a cikin bututu, ba ta barin komai a gefe, kan da ke zamewa kuma yana zuƙar iska duk lokacin da aka ja shi, tare da ƙura da laima. A garin da yashi ke shiga har cikin tukunya, wannan ba ya daɗewa. Wanda zai saye ta, ya saye ta don yadda take a buɗe.

Sai masu cewa waya ta wadatar. Tun Nokia 1100 da ta fito a 2003 da ɗan ƙwanta a ka, waya ta zama tocilar da ta fi kowace yawa a hannun jama'a. Abin lura shi ne fitilar wayar zamani mai faɗi ce, ba ta kai ko'ina, amma da ita kowa yake neman abin da ya ɓace a ɗaki ba tare da ƙorafi ba, wato hannu ya riga ya yarda da abin da baki ke musu a kasuwa. Matsalarta ba ta haske ba ce. Waya ta fi tocila tsada nesa ba kusa ba, ga santsi, ba a riƙe ta a baki, ba a jingine ta ta tsaya, in ta suɓuce cikin rijiya ko masai ko ƙasan kwalekwale an yi babbar asara. Cajin da ake biya a shago ake ƙonawa, kuma ita ce abin da za a kira mai babur da shi in tsautsayi ya faɗa. A gidaje da yawa ma wayar tana fita tare da maigida, alhali mata da yara su ne masu shiga madafa da rumbu da bayan gida.

Mai teburi da abin da ke kan kwali

Ba adalci ba ne a ɗora wa ɗan kasuwa laifi. Abin da ake tambaya shi yake sarowa daga Kano, kuma muddin tambayar farko ita ce ina take kaiwa, ba zai cika teburinsa da wadda ba ta burge kowa a titi ba. Lambobin kan kwali ma ba shi ya rubuta su ba. FL1 ba doka ba ce, mai so ne yake bi, don haka kwali na iya ɗaukar duk abin da aka buga masa. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 100 wajen lumen 1,500 yake bayarwa, to tocilar aljihun da aka rubuta wa lumen dubu 100 ba ta buƙatar a tsaya gardama a kanta. Haka batir mai caji da ake kira 18650: cajin da na gaske mafi kyau ke ɗauka bai cika wuce mAh 3,500 ba, duk wanda aka rubuta wa dubu tara da ɗoriya ƙarya ce tsagwaronta, kuma sau da yawa a nauyinsa ma ana ganewa, sakayau yake.

Zaɓi tsakanin mai caji da mai batirin saye ya danganta ne da inda mutum yake. Mai sola a gida ko kusa da shagon caji, mai caji ta fi masa sauƙi, musamman wadda ke karɓar igiyar waya. Sai dai batirin lithium ba ya son zafi, kuma a Nguru bazara kan haura digiri 40, don haka barin ta a kan tankin babur ko ƙarƙashin rufin kwano yana rage mata kwana. Wadda aka manne batirinta a ciki, ranar da ya mutu ita ma ta mutu. Mai cin ƙaramin batir guda ɗaya kuwa ana samun abincinta a kowane kanti, illa dai batura masu arha sukan yi yoyo su cinye ƙarfen ciki in an bar su watanni.

Gwajin kamu guda

Gwajin da ya dace ba ya buƙatar dare, ba ya buƙatar ilimin boko. A sa tocila ƙarƙashin tebur ko cikin buhu, a haska daga nisan kamu guda. Mai kyau za ta shimfiɗa haske bai ɗaya, babu farin tabo a tsakiya, babu baƙin zobe, gefen yana dusashewa a hankali. Irin wadda ƙwanta yake kwance kamar ɗan rawayan layi a gefen jiki, da wadda gilashinta yake da dishi-dishi, su suka fi yin haka. A sa tafin hannu a cikin hasken: in jini ya nuna a fata launi na da kyau, in hannun ya yi toka-toka a ajiye ta. Sannan a latsa makunni a ga da me take farawa. Cikin rumbu lumen 20 zuwa 50 sun isa, ɗaki kuma bai fi buƙatar 100 zuwa 200 ba, don haka wadda ke farawa da ƙaramar wuta ta fi wadda sai an bi ta kan mai kashe ido da mai walƙiya kafin a iso inda ake so. Ƙaramar wutar ce kuma ke sa caji ɗaya ya kai kwanaki.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ba a tuna su sai a bakin aiki: maƙalin da za a soka a hula ko wuyan riga, gindi mai faɗi da za ta tsaya a kansa ta haska rufi ɗaki ya ɗauka, maganaɗisun da bakanike zai manna a jikin inji maimakon ya ƙyasta ashana kusa da fetur, da zoben roba a mahaɗa. Alamar IPX4 tana nufin ta jure feshin ruwa, IPX7 kuma ta jure nutsewa na ɗan lokaci a zurfin mita ɗaya, in dai mai rubutun ya faɗi gaskiya. Akwai kuma 'yar tocila mai hasken UV, wadda jikin kunama ke ƙyalli da kore-kore a ƙarƙashinta. Tana da amfani a gidan da kunama ta addaba, amma ba ta nuna maciji, ba a kuma haska ta a ido.

Wanda ya riga ya sayi mai cilla wuta ba sai ya jefar ba. In ya auna ta ga bango ko rufi maimakon abin da yake nema, hasken da ya dawo ya fi taushi kuma ya fi faɗi. In ya yanko ɗan farin roba daga jikin tsohuwar jarka, ko ya ninka farar leda ya ɗaure a bakin gilashin da kyauro, tsirin zai watse ya cika wurin. Manyan masu zafi ne kawai ba a yi wa haka a kan babbar wuta, domin suna iya narkar da ledar.